Shekarar da Na Cire wa Tanko Jar Dara

Ku samarin yanzu kuna zuwa ku nuna mini zane mai motsi a waya, ku ce cikin wuni ɗaya kuka haɗa shi. Ina kallo, kuma yana ba ni sha'awa. Amma ku zauna ku ji yadda muka yi namu da kwali da zare, a lokacin da noman rani ya fara kankama a ƙasar Kura da Bunkure, don ku san abin da kuke taɓawa da ɗan yatsa yana da nauyi.

Ni asalina gyaran keke nake yi a bakin kasuwar Kura. Ina da shekara ashirin da huɗu, da mata da ɗa ɗaya, wani dattijo siriri ya fara zuwa rumfata yana tsintar tsofaffin wayoyin ƙafar keke, waɗanda suka lanƙwashe muka yar. Zuwansa na uku na tambaye shi abin da yake yi da su. Ya ce in ina son gani in biyo shi. Wannan shi ne Malam Haladu, wanda ya yi shekaru yana zanen jikin manyan motoci a birni kafin ya dawo gida. Na bi shi ran nan, kuma ban sake komawa rumfar keke da zama ba.

Abin da na tarar a soronsa akwati ne na katako, faɗinsa kamar an kwantar da ƙyauren ɗaki, gabansa a buɗe kamar taga. A can ciki akwai dogon ƙyallen akoko naɗe a jikin sanduna biyu, an zana gona da kanal da kasuwa da gari a jere a jikinsa. In ka juya mariƙin, wanda fedar keke ce ya ɗaura, sai gona ta wuce, kasuwa ta shigo. A gaban ƙyallen mutanen kwali ne ke tsaye, kowanne tsawon kamu biyu, an haɗa gwiwa da kafaɗa da wuya da zare. Wayoyin keken nan su ne ake maƙala musu ta ƙasa. Mutum biyu ke tsugunawa a bayan akwatin, zane ya rufe su, suna motsa kwalayen suna yi musu murya. Da rana muke yi, bayan la'asar, a gindin bishiya. Ba ruwanmu da fitila ko inji.

Shekarata ta farko ban taɓa buroshi ba sai don in wanke. Yankan kwali nake yi da huda gaɓoɓi. Na tuna aikin da ya fara ba ni ni kaɗai: in sa mutumin kwali ya sunkuya ya ɗauki fartanya. Kwana tara na yi a kai. In na sa waya a ƙugu sai ya karye biyu kamar an doke shi, in na sa a kafaɗa sai ya yi kamar zai faɗi. Malam Haladu bai gaya mini komai ba sai ran na takwas, ya ce, "Sabi'u, je ka bakin kanal ka kalli manomi ɗaya har azahar." Na je. A nan na ga ashe gwiwa ce ke fara sauka kafin baya ya lanƙwasa, kuma hannun hagu yana dafa cinya. Na dawo na ƙara waya ɗaya a gwiwa. Ya kalla, ya ce, "To, yanzu ya ci abinci." Iyakar yabon da na samu ke nan a wannan shekara.

Da na shiga ta biyu ya fara koya mini launi. Abu na farko, ba a yi wa ruwan kanal shuɗi. Manomi ya san ruwan da yake taka wa kullum, ruwan ƙasa ne mai ɗan duhu, in ka yi masa shuɗi zai yi dariya ya daina yarda da sauran labarin. Koren alkama daban, koren albasa daban, kuma ganyen tumatir da ya ji ƙishi ba rawaya yake fara yi ba, toka-toka yake yi. Sai launin da ba na gona ba, na mutane. Malam Haladu ya ce Bahaushe ya riga ya raba wa zuciya launi tun kafin a haife mu, mu bin sa kawai muke yi. Yana cewa farin ciki, yana cewa baƙin ciki, yana cewa ido ya yi ja. Don haka kowane mutumin kwali muna yanka masa 'yar taga a ciki, a bayanta faifan kwali mai juyawa, rabi fari rabi baƙi. A bayan ido kuma akwai ɗan siririn kwali da ake ja ƙasa, ido ya koma ja. Ko wanda ke tsaye a can baya, da bai jin murya, ya san abin da ke ran mutumin.

Masu kiranmu yawanci malaman gona ne. Sabon tsari ya zo, ruwa layi-layi ake ba da shi, kowa da ranarsa, ga taki ga iri da mutane ba su saba da su ba. Malamin gona ya yi ta bayani a tsaye, mutane su yi ta gyangyaɗi. Sai suka ga in an kawo akwatinmu har tsofaffi suna tasowa. Muna ɗaure shi a kan keke, mu tura shi ta kan hanyar bakin kanal, ƙauye zuwa ƙauye. Wani lokaci kuma mai suna ko mai biki ya kira mu, a ajiye akwatin a bakin soro, mata su leƙo ta ciki.

Labarinmu na kullum na mutum biyu ne, Gambo da Tanko, maƙwabta a gona. Gambo mai koriyar riga, yana jiran ranar ruwansa, yana sa taki a kan lokaci, tumatirinsa ya cika kwanduna. Tanko mai jar dara, yana leƙen gonar Gambo, faifan cikinsa yana juyawa daga fari zuwa baƙi, ido ya yi ja, ya je ya toshe ruwa, a ƙarshe tasa gonar ce ruwan ke cinyewa. Malam Haladu ke yin muryar Gambo, ni in yi ta Tanko. Mutane suna son tsanar Tanko. A wani ƙauye wata tsohuwa ta cire takalmi ta jefe shi, ta karya masa wuya, sai da na ɗaure da zare a tsakiyar wasa.

Sai shekarar wahala ta zo. Damina ta ɗauke da wuri, ruwan kanal ya ja baya har ana ganin laka a gefe, aka rage ranakun ban ruwa. Mutanen da ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba suka fara tsayuwa a ƙofar ruwa da fartanya a kafaɗa. Fentin gwangwani ya ɓace a kasuwa, wanda ke akwai kuma ya fi ƙarfinmu. A wannan shekarar ce yanar ido ta kama Malam Haladu. Yana ganin inuwar mutum, yana iya riƙe waya da yin murya don hannunsa ya haddace, amma launi ya daina rabewa. Ya miƙo mini buroshinsa guda huɗu a cikin gwangwanin madara, ya ce daga yau ni ne idon gidan.

Ya koya mini haɗa launi irin na da, yana zaune yana faɗa ina yi. Shuɗi in je karofi in roƙi ruwan baba wurin marina. Ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, fari daga farar ƙasa, baƙi daga gindin tukunya. Kore kuma baba da gangamau ake gauraya. Kowanne sai an jiƙa ƙaro an zuba, in ba haka ba ya bushe ya zube kamar gari. Kwali yana shan wannan launi ya kumbura, don haka sai a shafa kaɗan, a danne da dutse, a jira. Abin da fenti ke yi a awa ɗaya, wannan kwana biyu yake ci.

Aikin da nake son ku ji shi ne sake zanen Tanko, don tsohon kwalinsa ya ruɓe. A wani ƙauye ta yamma da Bunkure, inda muke yawan zuwa, akwai wani manomi Malam Idi, mai shekara kamar hamsin da biyar. Yana sa jar dara, yana da ɗan gemu mai karkata gefe ɗaya, kuma yana ɗingisa ƙafar hagu tun wani ciwo da ya yi. Gonarsa na jikin ta Malam Sale, wanda malaman gona suka zaɓa a matsayin manomin gwaji, suka haɗa shi da ɗan injin ban ruwa, suna kawo baƙi kallon gonarsa. Kowa a garin ya san Idi da Sale tare suka tashi, kuma kowa ya san a shekarar sun daina magana. An ce sun yi cacar baki a ƙofar ruwa. An ce Idi baƙin ciki yake yi.

Ni kuma ina son a yi dariya fiye da yadda ake yi a zamanin maigidana. Jar dara dama tana nan. Sai na karkata gemun, na kuma rage wayar ƙafar hagu ta yadda Tanko zai ɗingisa. Malam Haladu bai gani ba, ban kuma gaya masa ba.

Ranar da muka nuna a garin, Tanko na fitowa wurin ya fashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Ta ramin zane ina hangen Malam Idi a tsaye a gefe. Ya tsaya har faifan ciki ya koma baƙi, sannan ya juya ya tafi, ana nuna ƙafarsa. A hanyar dawowa Malam Haladu, yana dafe da sirdin keke, ya ce, "Dariyar yau ba ta Tanko ba ce. Wa suke yi wa?" Na ce ban sani ba. 

Mako uku bayan haka, da hantsi, ina niƙa gangamau a soro, aka yi sallama. Malam Idi ne, ya tako tun daga garinsu. Babu dara a kansa, wata tsohuwar hular saƙi ce. Ya gaisa da Malam Haladu gaisuwar manya, aka ba shi ruwa ya sha, sannan ya ce, "Na zo in ga ɗan'uwana na kwali."

Na ɗauko Tanko na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya shi, ya ja wayar ƙafa, ƙafar ta ɗingisa. Ya miƙa wa Malam Haladu, shi kuma ya bi gemun da ɗan yatsa, ya auna wayoyin biyu, ya ajiye.

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ni na yi, Malam bai sani ba."

Malam Idi ya ce, "Na san kai ne. Hannunka na da kyau." Ya gyara zama. "Tun ranar ba a sake kirana Idi ba. Jikokina ma Tanko suke ji a hanya. Ranar ruwana ta zo sau biyu ban je ba, don in na tsaya a ƙofar ruwa sai a taru ana jira a ga zan toshe. Rabin tumatirin da ke fangalina ya kwanta."

Malam Haladu ya ce, "Za a ƙone kwalin yau a gabanka."

"A'a, ba don a ƙone na zo ba. In an ƙone ai cewa za a yi na je na yi ƙara. Tambaya na zo yi." Ya ɗauki Tanko, ya ja ɗan kwalin ido, ido ya yi ja. "Yaro, wannan me ke nan?"

Na ce, "Hassada, Baba."

Ya ce, "Wannan fushi ne. Fushi na yi shi rana ɗaya a ƙofar ruwa, ya wuce. Ba zan yi maka ƙarya ba, in na ga motar baƙi ta tsaya a gonar Sale wani abu yana tokare ni a nan. Amma ba tumatirinsa nake so ba, ba injinsa ba. Shekara talatin a akushi ɗaya muke cin abincin rana a gindin darbejiyar da ke kan iyakarmu. Yau na gidana, gobe na gidansa. Tun da aka zaɓe shi, da malaman gona yake ci, a kan benci, da cokali. Ni kuma ina zuwa gindin bishiyar in buɗe akushi. Su nake kishi, masu cokalin. Wannan wane launi kake yi masa?"

 

Sai Malam Idi ya kama bakin taguwar da ke jikinsa. Ta baba ce, amma ta koɗe har ta kusa zama ruwan toka, kafaɗa ta yi fari. Ya ce, "Turmi ɗaya muka saya ni da shi, shekarar da aka fara sako ruwa a kanal. Nan Kura aka rina mana, tela ɗaya ya ɗinka. Tasa na san tana nan da duhunta, don ta daɗe a ninke a akwati, shadda yake sawa yanzu. Tawa ga ta. In launi kake nema, wannan ne."

Ya ƙi tsayawa cin abinci. Bayan ya fita Malam Haladu bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ɗauko sabon kwali. Biyu."

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Na yanka sabon Gambo da sabon Tanko, tsawo ɗaya, ƙafafu lafiya, fuskokin da ba na kowa ba. Babu dara, babu koriyar riga. Dukansu na yi musu taguwar baba mai duhu, daga kasko ɗaya. Wuyar aikin ita ce yadda ta Tanko za ta koɗe a gaban mutane. Na gwada faifai, bai yi ba, don koɗewa ba ta juyawa lokaci ɗaya. A ƙarshe na yanka masa taguwa huɗu a jere, kamar ɓawon albasa, kowace ta fi ta samanta haske. Ta farko baba tsantsa, ta biyu na sirka da ruwa, ta uku na ƙara, ta huɗu na shafa farar ƙasa a kafaɗa. Kowace da zarenta. In ƙyallen baya ya juya shekara ta wuce, sai in ja zare ɗaya, ta sama ta zame ƙasa. Shi kuwa Gambo na yi masa farar shadda da ake saukowa da ita ta rufe taguwarsa. Na zana darbejiya, na yanka akushi da murfi mai buɗewa. Ɗan kwalin jan ido na bar shi, amma sau ɗaya tak za a ja shi.

Da muka gwada a soro, malamin gonar da ke ba mu aiki ya zo ya kalla. Mutumin kirki ne, amma ya ce, "Malam Haladu, ina takin? Ina ranar ruwa? Ni an turo ni in koyar da noma ne, wannan ba zan iya rubuta shi a rahoto ba." Ya ce in tsohon labari ne akwai garuruwa shida da ke jira, in wannan ne sai dai mu yi da kanmu. A wannan shekarar garuruwa shida abincin gida biyu ne na wata biyu. Malam Haladu ya juyo wajen da nake, ya ce, "Sabi'u, kai ke da ƙananan yara." Na ce Tanko mai dara ba zai sake fita daga soron nan ba, kuma ba mu da launin da za mu yi wani kafin a gama wannan. Malamin ya yi mana fatan alheri ya hau babur ɗinsa. Na koma ina karɓar facin keke da safe don a ci abinci.

Muka nemi izinin mai unguwa, muka kafa akwati ranar Juma'a bayan la'asar. Jama'a sun fi na kullum, don sun zo ne su ƙara dariya. Malam Sale na zaune a gaba a kan benci cikin shadda. Malam Idi bai zo ba, amma na ga matan gidansa a bakin wani soro.

Da mutanen kwali suka fito sai aka fara tambaya, wane ne Tanko a ciki? Ba a gane ba sai da murya. Suka yi noma tare, suka zauna a gindin darbejiya, akushi ya buɗe. Aka yi ɗan wasa, Tanko yana ƙorafin gishiri ya yi yawa a miyar gidan Gambo, aka yi dariya, amma irin wadda ba ta da ƙaya. Sai mota ta shigo, farar shadda ta sauko a kan Gambo, ya bi baƙi can ƙarshen taga. Tanko ya zo gindin bishiya ya buɗe akushi, ya jira, ya rufe. Na juya ƙyalle, na ja zare na farko. Ya sake zuwa, ya buɗe, ya rufe. Zare na biyu. A ƙofar ruwa suka haɗu, ido ya yi ja, suka yi wa juna ihu, ido ya koma fari. Zare na uku. A nan Malam Haladu ya tsara cewa ba za a yi murya ko ɗaya ba, Tanko ya zauna kawai da taguwarsa ta huɗu, hannu a kan murfin akushi. Ban taɓa jin taro ya yi shiru haka ba. Har kukan 'yan awaki a bayan gari ina ji.

A cikin wannan shirun Malam Sale ya miƙe, ya gyara hula, ya ratsa mutane ya fita. Mun shirya ƙarshe, inda Gambo zai dawo, amma Malam Haladu ya taɓa gwiwata a bayan zane ya ce, "Rufe." Na saki labulen gaban akwatin. Mutane suka watse a hankali, ba wanda ya ce mana ya yi kyau ko bai yi ba. Na tura keke zuwa gida ina ganin na ɓata wa mutum na biyu rai, na kuma rasa garuruwa shida a banza.

Ranar Talata na bi ta hanyar kanal da tsakar rana, zan kai wa wani keken da na gyara. Daga nesa na hango mutum biyu a gindin darbejiya. Ɗaya cikin ruwan toka, ɗaya cikin shuɗi mai duhu, layin ninki na nan a jikin taguwar kamar an zana. Na so in wuce kamar ban gani ba, Malam Idi ya ɗaga hannu.

"Mai akwati! Zo ka sa hannu."

Na jingine keke na tsuguna na gaishe su. Dambu ne da zogale. Taguwar Malam Sale tana warin akwati, ta kuma matse shi a ciki, ya tsinke ɗinkin gefe don ta shiga. Bai dube ni ba sai da na kai loma ta biyu.

Ya ce, "Gambo naka dogo ne. Ni ban kai shi tsawo ba."

Na ce, "Baba, ai ba kowa ba ne."

"Haka ne," in ji shi. Ya juya wajen Malam Idi. "Gobe layina ne. A fara da fangalinka na ƙasa, in ya sha sai a juyo."

Malam Idi ya ce, "Ban roƙe ka ba."

"Na sani."

"Kuma injinka ƙara gare shi, yana hana mutum jin kiran salla."

"To a kashe shi da azahar."

Suka ci gaba da cin abinci. Rabin tumatirin Malam Idi bai tashi ba, wanda ya kwanta ya riga ya kwanta, kuma wannan a wuyana yake har yau. Sunan Tanko ma bai bar shi nan da nan ba, sai da aka yi kusan shekara kafin ya bi ruwa. Jar dararsa kuwa ban sake ganinta a kansa ba.

Aikin malaman gona ya dawo mana da damina ta gyaru, muka yi musu sabon labarin taki da wani mutum da jakinsa, wanda babu mugu a ciki. Na Gambo da Tanko masu taguwar baba kuma aka riƙa kiranmu musamman dominsa, har garuruwan Madobi. Wani abin mamaki, duk inda muka je sai wani ya tare ni bayan wasa ya ce wa ya ba ni labarinsa da wansa, ko da abokin kasuwancinsa. Ƙarshen da muka shirya ba mu taɓa nuna shi ba ko sau ɗaya.

Malam Haladu ya daina bin mu ƙauyuka a shekara ta biyu bayan haka, ido ya rufe gaba ɗaya. In na dawo sai in zauna a bakin tabarmarsa in ba shi labarin hanya. Ba ya tambayar yawan jama'a ko abin da aka samu. Wata rana na ce masa na biyo ta gonar su Malam Idi, na tarar da su a gindin bishiya suna gardama a kan irin albasa.

Ya ce, "Sale wace riga ce a jikinsa?"

Na ce, "Taguwar ce, Malam."

"Yaya launinta?"

Na ce, "Ta fara fari a kafaɗa."

Ya murza carbi. Sannan ya ce, "Madalla. Je ka ka wanke buroshi kafin ƙaro ya bushe a jikinsu."